Kome Ƙanƙantar Allura Ƙarfe Ce: Ɗinkin Hannu da Kwanciyar Hankali a Ƙasar Gesheme

Wanda ya ratsa garin Gesheme ko ƙauyukan da ke kewaye da shi cikin watan Maris ko na Afrilu, bayan azahar, zai tarar gari ya yi tsit. An daɗe da ɗaure hatsi an kai rumbu, damana kuwa da sauran wata biyu ko uku. Samari da magidanta masu yawa sun tafi biɗa. A ƙofar wani gida, gindin dogon yaro, zai ga dattijo zaune bisa buzu, da farin ƙyalle a kan gwiwarsa, yana soka allura yana jan zare. A cikin gida, inda baƙo ba ya shiga, mata biyu ko uku sun shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki: wannan tana yi wa zanen gado fure, waccan tana saƙa hular jariri da kwarashi, tsohuwa kuma tana murza mazari. Ba mai gaggawa a cikinsu, ba mai ɗaga murya.

Mai wucewa zai ce aikin kashe lokaci ne. Alhali kuwa kusan kowanensu yana da abin da ke cin ransa. Ko hatsin da ke rumbu zai kai shuka? Ko yaron da ya ƙetare iyaka yana lafiya? Ko za a samu abin biyan bashi kafin mai shi ya yi sallama? Allura ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Aikinta shi ne ta riƙe hankalin mai ita wuri ɗaya har ya natsu, wanda ya natsu kuwa shi ke iya yanke shawara. Wannan magani ne da iyaye da kakanni suka sani tun da daɗewa, likitocin zamani kuma suka zo suka gaskata shi. Ga shi yau yana neman kuɓucewa daga hannun matasa, a daidai lokacin da suka fi bukatarsa.

Ƙasar da ta san jira

Gesheme gari ne na ƙasar Arewa, cikin jihar Doso, a kwarin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi, kusa da iyakar Najeriya. Nan ne mazaunin sarkin kanton Takassaba. Da can yana ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi. Tun shekara ta 2011, da aka mai da Tibiri gunduma mai zaman kanta, ya koma ƙarƙashinta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu ɗari. Mafi yawansu manoma ne: hatsi, dawa, wake da gujiya a tudu, rake da rogo da kayan lambu a fadama.

Manomi a ƙasar nan yana aikin gona wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa jira ne. Jiran ruwa, jiran kasuwa ta yi daraja, jiran saƙo daga waɗanda suka tafi Sakkwato, Birnin Kabi, Ikko ko Kwatano. In shekara ta yi kyau, jiran mai sauƙi ne. Amma dattawan Arewa sun ga shekarun da jira ya zama azaba. Sun ga farin 1973 da 1974, wanda ya ƙare dabbobi ya bar rumbuna wayam. Sun ga na 1984 da 1985, wanda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya daga watan Afrilu na 1984 har zuwa watan Maris na 1986, abin da ya sa mutane suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabi. A 2005 aka sake shiga ƙarancin abinci, bayan fari da farmakin fara na 2004.

Ƴan baya ma ba su tsira ba. An rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa watan Disamba na 2020, cutar korona ta faɗo a tsakani, aka sake rufe ta bayan watan Yuli na 2023 har cikin 2024. Ga kuma rashin tsaro da ya taɓa wasu garuruwan bakin iyaka. A garin da kusan kowane gida ke da ɗa ko ɗan'uwa a ƙetare, rufe iyaka yana nufin yankewar ciniki da yankewar aike, wani lokaci har da yankewar labari. Nauyin kuwa yakan faɗa bisa waɗanda suka rage a gida, wato mata, tsofaffi da yara.

Sana'ar malamai da almajirai

Matasa da yawa na yanzu suna ɗaukar allura kayan mata ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. A ƙasar Hausa, tun daga Arewa har Kano da Zariya, an raba aikin tufafi tsakanin maza da mata tun zamanin da. Mata su ke gurzar kaɗa, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, siriri na saƙa da kakkaura da ake kira abawa. Maza kuwa su ke saƙa a masaƙa, su rina a marina, su haɗa riga, su yi mata aiki a ƙirji da wuya. Manyan riguna masu aska biyu ko aska takwas, masu tambari a baya, waɗanda sarakuna da attajirai ke sawa ran salla, a da duk aikin hannun maza ne, da zaren kaɗa, ko na tsamiya, ko alharini. Riga guda takan ci watanni kafin a gama ta.

Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970, ya bi masu wannan sana'a gari gari, ya rubuta babban bincike a kan ɗinkin tufafin Hausa, wanda ya kammala a 1979. Cikin abubuwan da ya nuna har da kusancin sana'ar da makarantun allo. Malami yakan zana aikin bisa ƙyalle da alƙalami da tawada, kamar yadda yake zayyana allon mai sauka, manyan almajirai kuma su bi zanen da allura. Da ɗinkin riga da na hula gardi ke samun na sabulu da na tawada, a ƙasar da ba uwa ba uba, ba tare da ya bar kusa da malaminsa ba. Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya ya san cewa ɗinkin yana yi wa baƙon yaro wani amfani bayan kuɗi: yana rage masa kewar gida, yana koya masa zama wuri ɗaya.

Da keken ɗinki mai yin aiki ya bazu, maza da yawa suka koma kansa, wasu suka kama wata sana'a. A birnin Zariya mata ne suka ɗauki allurar da maza suka ajiye, daga shekarun 1970 zuwa na 1980, suna yi wa manyan riguna aiki a cikin gidajensu. A 1994 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda aikinta ya kai har ƙasashen waje. A Nijar kuma gidajen koyar da mata sana'a, tare da Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975, sun yaɗa ɗinkin zanen gado, rigar matashi, mayafin tebur da saƙar ulu, har suka shiga cikin kayan ɗakin amarya. Ta haka allura ta zama ta kowa, namiji da mace.

Harshen Hausa da kansa shaida ne. In an sasanta mutum biyu da suka ɓata, sai a ce an ɗinke ɓaraka. In matsala ta cuɗe, a ce an rasa bakin zaren. In an samu mafita, a ce an gano shi. In ƙaramar magana ta fito da babba, a ce allura ta tono garma. Mutanen da suka ɗauko kalmomin sulhu da na warware matsala daga ɗinki sun san abin da ɗinki ke yi wa zuciya.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Yaya ƙarfe ɗan mitsitsi zai kwantar da hankalin babban mutum? Likitoci sun yi bayani kamar haka. In mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wasu sinadarai cikin jini, waɗanda ake kira adirinalin da kotizol. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, jijiyoyi su ɗaure, domin jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi arba da maciji a gona, gama cikin ɗan lokaci haɗarin zai wuce, jiki ya koma daidai. Amma tsoron yunwa, na bashi ko na rashin labarin ɗa ba ya wucewa cikin ɗan lokaci, kuma ba a guje masa da ƙafa. Sai jiki ya zauna cikin shirin gudu mako da makonni. Daga nan barci ke ƙaura, abinci ya fita rai, kai ya riƙa ciwo, mutum ya riƙa faɗa da iyalinsa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A shekara ta 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard ta Amurka, Dokta Herbert Benson, ya fitar da littafi inda ya nuna cewa jiki yana da hanyar kwance wannan ɗauri. Abu biyu ake bukata. Na farko, mutum ya riƙa maimaita abu guda, ko kalma, ko numfashi, ko motsi. Na biyu, in tunani ya ɗauke shi, ya dawo kan abin da yake maimaitawa ba tare da ya yi fushi da kansa ba. In an yi haka na ɗan lokaci, bugun zuciya yakan sassauta, numfashi ya daidaita.

Mai karatu ya dubi mai ɗinkin hula. Soka, ja, soka, ja, sau ɗaruruwa. Ido yana kan zane, yatsu suna ƙidaya. In hankali ya tafi wajen rumbu ko wajen iyaka, allura ta kauce layi ko ta soki yatsa, dole ya dawo. Sharuɗɗan nan biyu sun cika ba tare da mai ɗinki ya taɓa jin sunan likitan ba. Haka abin yake ga mai kaɗi da mai ɗinkin faifai.

Akwai amfani na biyu. Mai jiran ruwan sama ba shi da iko a kan girgije, mai jiran buɗe iyaka ba shi da iko a kan hukumomi. Rashin iko kuwa yana cikin abubuwan da suka fi karya zuciya. Amma ƙyallen da ke kan gwiwarsa yana ƙarƙashin ikonsa: shi ke zaɓen launi, shi ke warware kuskure ya gyara, kuma da maraice yana iya auna abin da ya ƙaru da yatsa. Wanda ya kwanta ya san yau ya gama wani abu, barcinsa ya fi na wanda ya wuni yana juya magana ɗaya a rai.

Na uku shi ne zama tare. A 2013 wata mujallar masu jinya ta hanyar aikin hannu a Ingila ta buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu saƙa 3,545 daga ƙasashe dabam dabam. Waɗanda suka fi yawan saƙa su ne suka fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki, masu saƙa cikin ƙungiya kuma suka ce ta ƙara musu zumunci. Masu son saƙa ne suka ba da amsa da bakinsu, saboda haka binciken shaidar masu sana'a ce, amma ta yi daidai da abin da matan karkara suka sani. A kan tabarmar ɗinki, inda ido ke kan aiki ba kan fuskar juna ba, mace takan faɗi abin da kunya za ta hana ta faɗa ido da ido. Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Shaida daga wurare masu nisa da na kusa

Ba Hausawa kaɗai suka gano wannan magani ba. Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, asibitocin Ingila sun cika da sojojin da suka rasa ƙafa ko hannu, da waɗanda ƙarar igwa ta girgiza musu hankali har jikinsu ke rawa. Masu jinya suka ba su allura da zare. Fiye da sojoji 130 suka haɗa hannu, kowa daga gadonsa, suka ɗinka wani babban mayafi mai furanni da tsuntsaye domin majami'ar Saint Paul ta birnin Landan, wanda aka sake fito da shi jama'a suka gani a 2014. Maza ne ƙarfafa, mayaƙa, ba wanda ya ce allura ta rage musu daraja.

A 1942, cikin yaƙin duniya na biyu, sojojin Japan sun tsare mata ɗaruruwa a kurkukun Cangi na Singafo, sun raba su da mazansu, ba mai jin labarin wani. Matan suka ɗinka barguna uku, kowane da gutsuren ƙyalle 66. Kowace mace ta yi wa gutsurenta ado, ta ɗinka sunanta a kai, aka aika da bargunan a matsayin kyauta ga sojoji masu rauni. Ta haka labari ya isa sansanin maza cewa wance da wance suna raye. Matar Arewa da mijinta ya yi wata shida bai aiko ba ta san irin zuciyar da aka yi wannan ɗinki da ita.

Misali mafi kusa yana ƙasar Barno. Tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya kori mutanen Bama da na wasu garuruwa zuwa sansanonin gudun hijira na Maiduguri, ɗinkin hula ya zama sana'ar dubban mata, ƴan mata da samari da suka rasa gona da gida. Bama dama ta yi suna wajen hula, mutanenta kuwa ba su fito da kome ba sai abin da ke cikin kansu da yatsunsu. Hula mai kyau takan ci mako biyu, uku, ko fiye da wata. Kuɗinta ya sayi abinci da sabulu, aikinta kuma ya cika dogayen ranakun zaman sansani. Irin hulunan nan suna yawo kasuwa kasuwa har ƙasar Nijar.

Inda ƙarfin allura ya tsaya

Wajibi ne a faɗi gaskiya, kada a ɗora wa allura kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ba ta cika rumbu, ba ta sa ruwa ya sauka, ba ta buɗe iyaka. Maganin yunwa abinci ne, wannan kuwa aikin gona ne, da noman rani irin wanda aka ƙarfafa a ƙasar nan tun 1984, da tanadin hukuma. Ma'aikacin da ya tarar da mata cikin yunwa ya ba su zare, ya ce su yi haƙuri, bai yi aikinsa ba.

Haka kuma akwai damuwar da ta wuce ta yau da kullum, ta zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Maris na 2022 cewa cikin shekarar farko ta korona ciwon fargaba da na baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Mutumin da ya yi makonni ba ya barci, ya ƙi abinci, ya daina magana da mutane, ko ya riƙa cewa gara mutuwa. Mai jegon da ta kasa kula da jaririnta, tana kuka ba dalili. Waɗannan marasa lafiya ne kamar mai zazzaɓi. A kai su asibiti mafi kusa, daga can in da bukata a tura su Dogon Dutsi, Doso ko Yamai. Ciwon yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne.

Abu na uku, ɗinkin da ke kwantar da hankali shi ne wanda mutum ke yi da lokacinsa da son ransa. In salla ta matso, ɗan kasuwa ya kawo huluna goma ya yanka wa'adi, mai ɗinki ya kwana yana aiki da tocila a kan lada kaɗan, to allura ta koma wani sabon tashin hankali. Ido ya yi ja, wuya ya ƙage, riba kuwa ta tafi aljihun mai kai wa kasuwa. Sana'a abu ce mai kyau, da zaman banza gara aikin kishiya, amma ya kamata ko mai ɗinkin kuɗi ya keɓe ƙyalle ɗaya da ba na sayarwa ba, na kansa ko na wani da yake ƙauna.

Abin da ke raba mutane da allura

Abu uku ke janye hannun mutane daga wannan aiki. Na farko keke da inji. Abin da hannu ke yi cikin wata, inji ya gama shi cikin wuni, ga kuma huluna da zannuwan kamfani masu araha da suka cika kasuwa. Mai saye yana duban aljihunsa, ba za a ga laifinsa ba.

Na biyu wayar salula. Ta yi babban amfani, gama saƙon da ke yin wata a hanya yanzu yana isowa cikin ƙiftawar ido. Amma ita ce kuma ke kawo jita-jita, da hotunan tashin hankali na kusa da na nesa, dare da rana. Saurayin da ya wuni a fada, shayi bayan shayi, ido a kan waya, yakan tashi da zuciya mafi nauyi fiye da yadda ya zauna. Wasu daga nan suke faɗawa shan ƙwaya irin su tiramol, suna neman natsuwar da kakanninsu ke samu a bakin allura ba tare da sun cuci jikinsu ba.

Na uku rashin lokaci, wannan kuwa ya fi shafar mata. Macen karkara da ta tashi da asuba, ta yi sussuka da surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta yi girki, ta kula da yara da ƴan awaki, ba ta da sa'a guda ta zaman tabarma. Inda aka kafa injin niƙa, aka gina famfo kusa da gari, nan ne mata ke samun wannan sa'a. Saboda haka mai maganar kwanciyar hankalin mata, da rijiya da injin niƙa zai fara.

Abin da ya kamata a yi

Ga ma'aikatan hukuma da shugabannin jama'a, aikin ba mai tsada ba ne. Cibiyoyin yaƙi da jahilci, waɗanda suka fara aiki a Nijar tun farkon shekarun 1960, suna tara manya da rani, daidai lokacin jira. Ana iya ƙara rabin sa'a na ɗinki bayan darasi, a gayyato tsohon da ya iya ya koyar. Ƙidayar zare lissafi ce, ɗinka suna a bakin zane kuma rubutu ne. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina cikin ƙasa, suna taruwa mako mako domin zubi; suna iya sayen zare da ƙyalle a sari, su kuma sayar da kayansu tare, domin kada a yi musu wayo ɗaya bayan ɗaya. Bajekolin sana'ar hannun mata na SAFEM, da aka fara a Yamai a 2000, ya nuna cewa aikin hannu mai kyau yana da masu saye. Masu kula da matasa su ma su tuna wa samarin fada cewa ɗinkin hula gadon malamai ne. Abu mafi gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin da suka san zane-zanen da da sunayensu, a rubuta, a koya, tun suna raye.

Ga mai son farawa, allura, zare, almakashi da guntun farin ƙyalle sun isa. Ya fara da abin da ke gida: rigar yaro da ta yage, bakin zane da ya warware. Ya zaɓi lokaci guda kullum, ko da rabin sa'a, a wuri mai haske, da rana ya fi. Ya ajiye waya nesa. Ya riƙa miƙewa yana motsa wuya da kafaɗa, yana duban nesa domin ido ya huta. Wanda ya haura shekara arba'in, ya ga ramin allura ya fara ɓace masa, ya nemi a auna masa tabarau, gama wannan abu ne da shekaru ke kawowa. In an tashi, a soke allura a cikin ƙyalle a ɗaga ta sama, kada a bar ta cikin tabarma inda yaro mai rarrafe zai same ta. In layin farko ya karkace, a warware a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Rani zai sake zuwa kamar yadda ya saba, da jiransa da zulluminsa, masu biɗa za su tafi, na gida za su zauna. Gidan da ke da tabarmar ɗinki, inda tsohuwa ke nuna wa jika yadda ake riƙe zare, inda maƙwabta ke haɗuwa su yi aiki su yi hira, ya fi ƙarfin ɗaukar wannan jira. Allah ya kawo damana mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya.